Ɗari da Shida

Na taso daga Buza tun kiran assalatu,
rajista a jaka, goro biyu a bakin zane.
Motar 'yan albasa ta juye ni a tasha,
na karkaɗe jiki na nufi taronmu na Tawa.

Mu talatin da ɗaya ne a takarda,
sha tara suka zo.
Aka hau kiran suna. Nomau na Keita?
Shiru. Can Haladu ya ce, “Ya riga mu,
cikin azumi, da littafi kife a ƙirji.”
Muka shafa fatiha. Kujerarsa na gaba-gaba,
har aka tashi ba mai ƙarfin halin janyewa.

Ma'aji Tsahiru ya zazzage asusu:
jikka arba'in da 'yan dala-dala.
“Kuɗin shekara, jama'a, kuɗin shekara!”
Kowa ya duƙa yana gyaran takalmi,
ni ma igiyar jakata ta hau warwarewa.

Na Madawa ya ce rufinsa na yoyo.
Na Ilela ya ce gara ta sauke tarihi,
ta shiga lissafi, ba ta tsallake shafi,
ita ce mai karatunsa da ba ta fashi.
Muka yi dariya irin ta mai ciwon haƙori.
Wata sabuwar ɗauka da ta zo daga Yamai
ta ce mu zuba komai cikin na'ura.
Ta kunna, haske ya hau bango,
sai kuran ya ɗauke, fanka ta daina juyawa.

Cikin zufa shugaba Abarshi ya miƙe:
“Abu na biyar, littattafan da ba su dawo ba.”
Kowa ya faɗi asararsa, layi ya zo kaina:
ɗari da shida cikin shekara ashirin.
Ya dube ni ta saman tabarau,
“Madam Rakiya, tsaro kike ko rabon sadaka?”
A raina na ce, rijiya ta bayar,
ni guga ce zan hana?
Amma bakina ya ƙi buɗewa.

Aka kira mai gyaran wuta.
Ya shigo da tsani a kafaɗa, waya a wuya,
ya hau, ya leƙo ƙasa, ya tsaya cak.
“Madam ta Buza? Ni ne Arzika,
ɗan mai ƙosai na bakin lakkwal.
Littafin nan mai koren bango,
na waya da batir, yana wurina.
Bangon ya fita, na ɗinke da zaren buhu.
Yarana uku na shago da shi suke koyo.
Kullum ina cewa zan kai,
kunya ke hana ni zuwa.”

Ya murɗa wani abu da haƙori a cije,
fanka ta yi tari, ta kama hanya.

Na buɗe rajista, na lashi yatsa.
Ga shi nan, lamba ta sittin da huɗu,
rubutun yaro mai hawa tudu,
ranar Laraba, shekara sha huɗu baya.
Tsahiru ya ja biro: dala ɗaya kowace rana...
ya ɗago kai, “Tarar ta kai rabin asusu!”
Arzika na bisa tsani, ya rasa ta sauka.
Abarshi ya cire tabarau yana gogewa.

Ban ce komai ba. Inda na sa “ya ɓace”
na ja layi, na rubuta “yana aiki”.

An yi zaɓe, waɗanda ke kai suka koma.
Na'urar yarinya, an ce sai an sami kuɗi.
Baɗi a Ƙonni, in da rai da lafiya,
kowa ya zo da kuɗin shekara da maganin gara.

Magariba ta same ni a motar komawa,
buhu a baya, akuya a ƙafa.
Ina duban mai allura a ƙofar likita,
da mai ɗinki, da direban da ke jan mu.
Saura ɗari da biyar.
Ban san hannun da suke ba,
na dai fasa ƙirga su cikin masu mutuwa.